Yanda NFS da SMB suke rajistar ƙofofinsu a netwok, da yanda zaka tsayar dasu wuri ɗaya

NFS da SMB hanyoyi biyu ne da kwamfutoci suke raba folda a netwok. Na taɓa yin kwana biyu cur ina fama da wata sabar fayil ta NFS da na haɗa da hannuna. Komai yana tafiya lafiya lau, kwamfutoci huɗu suna ganin foldar, ana ajiye abu ana ɗauka, har na manta da ita ma. Rannan aka kashe sabar aka kunna, shikenan ba wadda ta sake ganin foldar. Ban taɓa /etc/exports ba, fayil ɗin da ake jera foldojin da aka raba, ban taɓa katangar tsaro ba, wato faya-wol, ping yana amsawa, amma in ka buga mount, umarnin ɗaura foldar, sai ya tsaya shiru ya yi ta jira har ya gaji ya ce lokaci ya ƙare. Daga baya na gano ashe wani ɗan shiri ne mai suna mountd ya tashi daga ƙofar da na buɗe masa ya koma wata daban, ni kuma ban san yana da wannan halin ba. Tun daga nan duk wanda zai haɗa sabar fayil abu na farko da nake nuna masa kenan kafin komai.

Bari mu fara daga ƙofar ita kanta, wadda masu sana'ar suke cewa fot. Adireshin IP yana kai ka ga kwamfuta ne kawai, amma a cikin kwamfutar akwai shirye-shirye da yawa suna jiran baƙi, to lambar ƙofa ita ce take faɗin wanne kake nema. Lambobin daga 0 suke zuwa 65535, kuma cikin hanyoyi biyu da ake aika bayanai a netwok, TCP tana da nata jerin UDP tana da nata, ƙofa 111 ta TCP da 111 ta UDP ba abu ɗaya bane, wannan ka riƙe shi don zai dawo a gaba. Hukumar IANA ce take riƙe da babban littafin rajista, ta raba lambobin gida uku: 0 zuwa 1023 sune sanannu, waɗanda a Linux sai shiri mai ikon root, wato babban mai iko da kwamfutar, ko izini na musamman yake iya zama a kansu, 1024 zuwa 49151 na masu rajista ne, sauran kuma daga 49152 zuwa ƙarshe na haya ne, a ɗauka a yi aiki a saki. Akwai kwafin wani ɓangare na wannan littafin a kwamfutarka, ka buga grep nfs /etc/services zaka ga 2049. Amma fa wannan fayil ɗin suna kawai yake faɗa maka, ba ya nufin akwai wani da yake sauraro a wurin.

Maganar rajista iri uku ce, biyu yanzu ta ukun sai can ƙarshe, kuma nan ne mutane suke rikicewa. Akwai rajistar takarda, irin ta IANA, wadda aka yi sau ɗaya duk duniya ta sani, SMB 445, NFS 2049, SSH 22, rsync 873. Akwai kuma rajistar da ake yi a cikin kwamfutar duk lokacin da ta tashi, shiri ya ɗauki duk ƙofar da ya samu babu kowa sannan ya je ya faɗa ma wani mai riƙe da littafi cewa ga inda nake. Ta biyun ita ce take cizon mutane.

NFS kamfanin Sun Microsystems ne ya fito dashi a 1984, kuma ba shiri ɗaya bane, taron shirye-shirye ne da suke magana ta hanyar da ake kira RPC, wato yanda shiri yake kiran wani shiri ta netwok. Kowannensu yana da lambar shaida da bata canzawa, wadda ba ita ce lambar ƙofa ba: nfs 100003, mountd 100005, nlockmgr mai kulle fayil 100021, status 100024. Mai riƙe da littafin shine rpcbind, tsofaffi suna ce masa portmapper, lambarsa 100000 kuma shi kullum yana ƙofa 111, TCP da UDP duka. In saba ta tashi rpcbind ne yake fara zama, sai mountd ya tashi ya roƙi kanel, wato zuciyar Linux, ta bashi ƙofa, ta bashi wadda ta ga dama, sai ya je wa rpcbind ya ce ni ne 100005, siga ta 3, ina TCP ƙofa kaza. Ita kuma kwamfutar da take son ɗaura foldar da NFS siga ta 3 bata san inda mountd yake ba, dole ta fara ƙwanƙwasa 111 ta tambaya, a faɗa mata, ta je wajen mountd ta karɓi abun da zata riƙe na foldar, sannan ta wuce 2049 inda ainihin karatu da rubutu suke. In kuma wani shiri ya nemi kulle fayil sai ta sake komawa 111 ta tambayi inda nlockmgr yake. Kaga tafiya uku ko huɗu kenan don folda ɗaya, kuma ko ɗaya aka tare aikin ya tsaya.

To abu na farko da zaka yi, ka buɗe littafin da idonka. A kan sabar ka buga:

rpcinfo -p

Zaka ga wani abu mai kama da wannan, na rage layukan don sun fi haka yawa:

100000 4 tcp 111 portmapper
100003 3 tcp 2049 nfs
100003 4 tcp 2049 nfs
100005 3 tcp 43217 mountd
100021 4 tcp 38451 nlockmgr
100024 1 tcp 51877 status

Ka rubuta lambobin nan a takarda, ka kashe sabar ka kunna, ka sake bugawa. 111 da 2049 suna nan daram, amma na ƙasan zaka ga sun canza, sai dai in Linux ɗinka ya riga ya ɗaure wasu. Akwai nau'ikan da suke zaunar da mountd a 20048 tun daga farko, don wannan ita ce lambar da aka yi masa rajista a IANA, irin su Red Hat da danginsa haka suke. Ni kuskuren da na yi shine na ga lamba a rpcinfo na buɗe mata katanga na tafi abuna, ban san lambar ta haya bace.

Daga nan ka koma kan kwamfutar da take neman foldar ka buga rpcinfo -p tare da adireshin sabar, misali rpcinfo -p 192.168.1.10. In nan ma ya tsaya shiru to 111 ɗin a toshe take, ba sai ka wahalar da kanka da sauran ba tukuna. In ya kawo jerin amma showmount -e 192.168.1.10, mai nuna foldojin da aka raba, ya maƙale, to rpcbind ya faɗa maka inda mountd yake amma katanga ta hana ka isa. In kuma ya ce Program not registered, wannan ba matsalar katanga bace sam, ka isa wajen mai littafin ne ya duba bai ga sunan ba, ko dai shirin bai tashi ba, ko kuma an sake tayar da rpcbind bayan sauran sun riga sun yi rajista sai ya tashi da littafi fanko. Maganin wannan ka sake tayar da nfs-server don su koma su sake rubuta sunansu. Amsoshin nan uku daban daban ne, kuma wallahi in ka iya bambance su ka rage rabin wahalar.

Yanzu ɗaure ƙofofin. A Linux na yanzu fayil ɗaya ne, /etc/nfs.conf, ka buɗe shi ka sa:

[mountd]
port=20048

[statd]
port=32765
outgoing-port=32766

[lockd]
port=32767
udp-port=32767

statd shine status ɗin da ka gani a rpcinfo, lockd kuma shine nlockmgr. Ba dole sai waɗannan lambobin ba, amma akwai dalilin da yasa nake zaɓar ƙasa da 32768. Linux baya bin rabon IANA wajen ƙofofin haya, shi daga 32768 zuwa 60999 yake rabawa in ba ka canza ba, zaka iya gani a /proc/sys/net/ipv4/ip_local_port_range. In ka ɗaure lockd a cikin wannan tsakanin, wata rana wani shiri zai iya rigansa ɗaukar lambar lokacin tashi, sai ka samu matsalar da take zuwa sau ɗaya a wata kuma ba zaka taɓa iya maimaita ta da gangan ba, irin wannan ta fi kowacce cin rai. Shi lockd a cikin kanel yake zaune, don haka sake tayar da sabis ba kullum yake sa ya koma sabuwar ƙofa ba, mafi sauƙi ka kashe sabar gaba ɗaya ka kunna, sannan ka sake duba rpcinfo -p ka tabbatar lambobinka ne suka fito. A tsofaffin Debian da Ubuntu saitin yana warwatse a /etc/default/nfs-kernel-server da /etc/default/nfs-common, in ka ga nfs.conf baya aiki can zaka duba.

Sai katanga. In firewalld kake amfani dashi akwai sunaye da aka riga aka shirya, nfs da mountd da rpc-bind, ka ƙara su da firewall-cmd --permanent --add-service, sannan ka ƙara na statd da lockd da hannu da --add-port tunda kai ka zaɓi lambobin, TCP da UDP duka. In ufw ne ka rubuta kamar ufw allow from 192.168.1.0/24 to any port 2049, haka ga kowacce. Don Allah kar ka bar wajen from ɗin nan. 111 ba ƙofar da ake buɗe ma intanet bace, duk wanda ya ƙwanƙwasa zata karanta masa jerin abun da ke gidan, kuma ana amfani da ita ta UDP wajen kai hari, a aiko ƙaramar tambaya da adireshin ƙarya ita kuma ta tura babbar amsa kan wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Akwai abun da kusan kowa yake mantawa, a siga ta 3 ba kullum mai nema ne yake ƙwanƙwasawa ba, wani lokaci sabar ce take juyowa ta nemi kwamfutar. In wani ya kulle fayil kai kana jira, da ya saki sabar ce zata kira lockd na kwamfutarka ta ce an baka, haka in ta mutu ta tashi zata aiko ma statd ɗinka sanarwa don ka sake karɓar makullanka. In katangar kwamfutarka ta toshe waɗannan, ɗaura folda zai yi, buɗe fayil zai yi, amma shirin da yake kulle fayil zai riƙa tsayawa yana jan lokaci ba tare da wani saƙon kuskure ba. Don haka [statd] da [lockd] ɗin nan a kan kwamfutocin ma ka sa su, ka buɗe ma adireshin sabar kaɗai.

Ni dai ra'ayina, in ba wata tsohuwar na'ura ce ta tilasta maka ba, ka rabu da siga ta 3 kawai. NFS siga ta 4 ta fito tun 2000, kuma babban abun da ta gyara shine wannan yawon, ɗaura folda da kulle fayil da komai an haɗe su a ƙofa ɗaya, 2049 ta TCP, ba tambayar rpcbind. A 4.0 akwai sauran ƙofa ɗaya da saba take kiran mai nema ta ita, amma daga 4.1 da ta zo a 2010 wannan kiran ma ta cikin layin da aka riga aka buɗe yake bi. A nfs.conf ƙarƙashin [nfsd] ka sa vers3=n, ka sake tayar da sabis, ka rufe komai a katanga banda 2049. mountd zai ci gaba da gudu a sabar don kanel tana tambayarsa wa aka yarda ma wace folda, amma ba sai an ganshi daga waje ba. Abu ɗaya da zai baka mamaki, showmount -e zai daina aiki tunda da mountd yake magana, kar ka ɗauka ka ɓata wani abu, ka ɗaura tushen da mount -t nfs4 192.168.1.10:/ /mnt ka leƙa ciki zaka ga abun da aka raba.

Wani ɗan abu da ya shafi ƙofar mai nema ba ta saba ba: sabar NFS ta Linux a yanda take zuwa tana ƙin duk wanda ya taso daga ƙofa sama da 1023, don a tunanin da wanda ya iya amfani da ƙaramar ƙofa root ne. Shi yasa Mac take yawan cin karo da Operation not permitted alhali komai daidai yake. Ko ka sa resvport a umarnin mount na Mac ɗin, ko ka sa insecure a layin /etc/exports, ni na fi son na farkon.

SMB, wanda Windows take amfani dashi kuma Samba take kwaikwayo a Linux, ya fi sauƙi ta wannan ɓangaren. A da yana hawa kan wata tsohuwar hanya mai suna NetBIOS ne, 137 ta UDP don neman suna, 138 ta UDP don sanarwa, 139 ta TCP don ainihin aikin. Daga Windows 2000 aka bashi 445 ya tsaya da ƙafarsa. Yau 445 kaɗai ta isa, a smb.conf ka sa smb ports = 445 da disable netbios = yes, ka kashe nmbd, shirin Samba mai aikin NetBIOS, sai in kana da na'urar da ta tsufa sosai. Kuma ka sa server min protocol = SMB2 ko sama, siga ta 1 ita ce muguwar manhajar nan WannaCry ta bi ta 445 ta shiga kwamfutoci a Mayun 2017, ba dalilin barinta a kunne.

To ya aka yi folda ashirin da mutum ɗari suke raba ƙofa ɗaya basa karo? Abu biyu ne. Na farko, kanel bata gane layi da ƙofar saba kaɗai, abu huɗu take haɗawa, adireshin mai nema da ƙofarsa, adireshin saba da ƙofarta. Kowane mai nema yana tasowa daga ƙofar haya ta kansa, don haka ko mutum ɗari suka nufi 445 layinsu ɗari ne daban daban. Ka buga ss -tn sport = :445 a kan saba lokacin da ake aiki ka gani, gefe ɗaya duk 445 ne, ɗaya gefen kowa da lambarsa. Na biyu, rabon foldoji a cikin maganar ake yinsa ba a ƙofa ba, bayan ka shiga ka nuna ko kai waye sai ka faɗi sunan foldar da kake so. Har jerin foldojin ma ta ciki ake tambaya, akwai wata ɓoyayyar raba mai suna IPC$ da take ɗauke da bututun srvsvc, ita smbclient -L take tambaya. Windows tana da nata mai littafin a 135 wanda aikinsa kusan irin na rpcbind ne, yana tura mutane ƙofofin haya daga 49152 zuwa sama, amma don raba folda zalla ba ka buƙatarsa, sai ka shiga harkar domain da makamantansu.

Abun da ba a rabawa shine kujerar sauraro. A adireshi ɗaya, ƙofa ɗaya, TCP, shiri ɗaya ne yake zama, na biyun da ya zo zai samu Address already in use ya mutu. Akwai wata hanya da Linux ta kawo a 2013 mai suna SO_REUSEPORT da take barin kwafi da yawa na shiri su zauna a ƙofa ɗaya, amma wannan sai shirin da aka rubuta don haka, ba zata sa Samba da ksmbd, wato sabar SMB ta cikin kanel, su zauna tare a 445 ba. In ka ga wannan saƙon ka buga ss -tlnp da sudo ka ga wa ya riga ka. In layin ya fito babu sunan shiri a ƙarshe, kamar yanda 2049 take fitowa, to kanel ce da kanta take riƙe da ƙofar, ba wani shiri da zaka kashe da kill. A Windows ma haka ne, netstat -ano zai nuna maka 445 a hannun lamba 4, wato System. In dole sai ka gudanar da saba biyu a inji ɗaya, ka ƙara ma injin adireshin IP na biyu ka ɗaure kowacce a nata, a Samba da interfaces da bind interfaces only = yes ake yi. Canza 445 zuwa wata lamba yana aiki tsakanin Linux da Linux da port= a umarnin mount, amma Windows da yawa da suke hannun mutane ba zasu bi ka can ba.

Saura rajista ta uku, wadda take sa sabar ta bayyana da kanta a jerin netwok ba sai an rubuta adireshi ba. Wannan tallar kai ce kawai. Avahi a Linux da Bonjour a Mac suna shela ta 5353 UDP cewa akwai _smb._tcp a kwamfuta kaza ƙofa 445, kuma shelar tana ɗauke da lambar ƙofar a ciki. Windows ta yanzu kuma WS-Discovery take saurara a 3702 UDP tare da 5357 TCP, Samba bata yin wannan da kanta, sai ka sa ɗan shirin wsdd. Shi yasa mutum zai ce sabar bata aiki alhali in ya rubuta \\192.168.1.10 a Explorer zata buɗe nan take, 445 lafiyarta ƙalau, shelar ce bata isa ba. Kuma shelar nan bata tsallake rauta, in kwamfutocin suna netwok daban daban ba zasu ji ta ba ko ka buɗe duk ƙofofin, a nan sai dai ka basu suna a DNS ko su rubuta adireshin.

In ka gama duk saitin, ka gwada daga wata kwamfuta ba daga kan sabar ba, don gwaji daga ciki baya bin katanga yanda baƙo yake bi. nc -zv 192.168.1.10 2049 ko 445 zai faɗa maka ko ƙofar TCP tana amsawa. Sannan ka kashe sabar ka kunna sau biyu, kowane karo ka sake duba rpcinfo -p da ss -tlnp, ka ɗaura foldar, ka buɗe fayil ɗaya daga kwamfutoci biyu da flock, umarnin kulle fayil, ka ga na biyun ya jira kuma ya samu da zarar na farkon ya saki.